Wasanmu na barkwanci da waƙa ya karɓu a dandalin Tawa: a ɗauke shi yadda yake, ko a sake gina shi don fim?

Ɗan_Adar:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai maganar da ta raba kan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a nan Tawa, shi ya sa na kawo ta gabanku. Muna da wani wasan barkwanci mai waƙe-waƙe da muke yi a dandali. Labarin wani ɗan ci-rani ne da ya tafi Abijan, ya dawo gida ba ko dala a aljihunsa, amma ya ari babbar riga da akwati da tabarau don a ɗauka ya yi arziki, har ya je neman aure a kan wannan ƙaryar. Akwai waƙoƙi shida a cikinsa, da kalangu da gurmi, kuma duk inda muka nuna shi, a gidan matasa ne ko a filin lakwal, jama'a suna dariya har su riƙa karɓar amshi tare da mu. Yanzu wani bawan Allah mai hali ya ce zai ɗauki nauyin mayar da shi fim. Wasunmu sun ce a kafa kyamara gaban dandali a ɗauki wasan yadda yake, tun da a haka mutane suka so shi. Wasu kuma, har da ni, muna ganin a fita da shi cikin gari, a ɗauki tashar mota a tasha ta gaske, gidan surukai kuma a gida na gaske. Abin da ke damuna shi ne kada mu kashe dariyar a hanya. Wanda ya san wannan aiki ya ba mu shawara.

Mushe_Mai_Ritaya:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Ni na yi wasa a samariya zamanin mulkin Kountché, lokacin da ake gasar matasa ta ƙasa kowace jiha ta kawo wasanta, kuma na ga irin wasannin da su Yazi Dogo suke yi ana sa su a Télé Sahel. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, wasan Hausa na dandali ba a rubuce yake kalma bayan kalma ba. Ana shirya ƙashin labarin, kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita, sauran kuwa ɗan wasa ne ke ƙirƙira shi a take, gwargwadon yadda ya ga fuskokin mutanen da ke gabansa. Idan ya jefa magana ya ji an yi shewa, sai ya ƙara mata gishiri. Idan ya ji shiru, sai ya wuce. To idan kun kwashe 'yan kallo kun ajiye masa ƙarfe mai ido ɗaya, da wa zai yi wasan? Shawarata ku cika zaure da mutane, ku ɗauke shi a gabansu.

MaiKyamara_Yamai:
Mushe, Allah ya ƙara girma, maganarka game da 'yan kallo gaskiya ce, amma a yi mini uzuri, ban yarda da inda ta kai mu ba. Ni ɗaukar hoto ne sana'ata a Yamai, kuma an sha kirana in ɗauki wasan dandali da kyamara ɗaya a kan ƙafarta daga bayan zaure. Abin da ke fitowa shi ne mutane ƙanana suna kai da komo daga nesa, murya na amsa kuwwa, wani ya miƙe tsaye kansa ya rufe rabin hoton. Wanda ya halarci wasan zai kalla ya tuna ya yi dariya, amma wanda bai halarta ba minti biyar ya ishe shi ya kashe.

Wannan matsalar ba yau ta fara ba. Lokacin da fim mai magana ya shigo a Amurka, masu shirya fina-finai sun yi rububin kwaso wasannin dandali na birnin New York. Wasu 'yan uwa masu barkwanci da ake kira Marx Brothers suna da wasan waƙa da ban dariya mai suna The Cocoanuts tun 1925, aka mayar da shi fim a 1929. A lokacin ana kulle kyamara ne cikin wani ɗan ɗaki don kada ƙararta ta shiga makirfo, don haka ba ta iya bin 'yan wasa, kuma har takardun da ake riƙewa a cikin wasan sai da aka jiƙa su da ruwa don kada su yi ƙara. Duk wanda ya kalli fim ɗin yau zai ga dandali ne kawai aka ɗauka, barkwancin mutanen ne ya cece shi. Su dole ce ta sa su, ku kuwa kyamarar da ke hannunku ana iya shiga da ita har cikin akwatin ɗan ci-ranin, a nuna cewa tsummokara ne a ciki.

Bagobira:
Ni dai mai kallo ce, ban san aikin kyamara ba, amma na ga wasan da Ɗan_Adar yake magana a kai. Wurin da na fi yin dariya shi ne inda saurayin ya zauna gaban surukinsa, sai mai rigar ya leƙo ta bayan zana yana yi masa alama ya cire masa kayansa. Mu 'yan kallo muna ganin su biyun lokaci guda, surukin kuwa bai ga komai ba. Idan fim zai raba su, a nuna wannan sannan a nuna wancan, ina ganin abin dariyar zai ragu.

MaiKyamara_Yamai:
Malama Bagobira, kin taɓo ainihin wurin. Ba dole ba ne a raba su. Ana iya ajiye surukin da saurayin a gaba, mai rigar can baya a cikin hoto guda, sannan a matso kusa a nuna gumin da ke tsattsafowa a goshin saurayin, abin da mai zama a layi na goma a gidan matasa ba zai taɓa gani ba. Wahalar da ta fi wannan ita ce lokaci. A dandali idan aka yi dariya ɗan wasa yakan dakata har ta lafa. A fim ba wanda ya san tsawon dariyar, idan an bar gurbi mai yawa sai wurin ya yi sanyi, idan ba a bari ba sai dariya ta danne maganar da ke biye. Waɗannan Marx Brothers ɗin, kafin su yi fim ɗinsu na 1935 mai suna A Night at the Opera, sai da suka zagaya garuruwa suna gwada sassan barkwancin a gaban jama'a, ana auna tsawon kowace dariya, sannan aka ɗauka bisa wannan awon. Ku kun riga kun mallaki wannan ilimi a kyauta, tun da kun sha yin wasan a gaban mutane. Ku sa wani ya zauna da agogo da takarda a nuni na gaba.

Azhari_Ƙwanni:
Ina so in goyi bayan Mushe da wani misali da na gani da idona lokacin da nake karatu a Masar. A can akwai wasannin dandali na ban dariya da aka ɗauka a gaban 'yan kallo, kamar Madrasat al-Mushaghibin na 1973 wanda Adel Imam ya fito a ciki, kuma har yau ana maimaita su a talabijin, musamman lokacin salla, mutane sun haddace maganganun ciki. Ana jin dariyar zauren, wani lokaci ma ana ganin 'yan wasan suna ƙoƙarin danne tasu dariyar, kuma wannan bai rage wa abin daraja ba. Bambancinsa da abin da MaiKyamara ya kwatanta shi ne an yi amfani da kyamarori da yawa da makirfo masu kyau. Saboda haka ba daidai ba ne a ce ɗaukar dandali aikin banza ne, sai dai a ce ɗauka marar kyau ita ce banza.

Mushe_Mai_Ritaya:
Madalla, Malam Azhari. Abin da nake nufi ke nan, ka faɗe shi fiye da yadda na iya.

Ɗalibar_Jami'a:
Iyayena, a yi mini izini in kawo wata tambaya da ban ga an yi ba. Su wa za su fito a fim ɗin? Na tambaya ne domin a tarihin irin waɗannan fina-finai, da zarar kuɗi sun shigo, waɗanda suka raini wasan a dandali su ne ake fara turewa gefe. Misalin da aka fi sani shi ne My Fair Lady, wani wasan waƙa na dandalin New York. Julie Andrews ce ta riƙe babbar rawa a dandali tun 1956, amma da aka zo yin fim a 1964 sai kamfani ya ce ba a san fuskarta a sinima ba, aka ɗauko Audrey Hepburn. Ita kuma muryarta ba ta kai waƙoƙin ba, sai aka sa wata mawaƙiya, Marni Nixon, ta rera mafi yawansu a ɓoye. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar takwas, wannan ba a musu, amma a waccan shekarar Julie Andrews ce ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yar wasa da wani fim dabam. Yaya Ɗan_Adar, mai ba ku kuɗin ya yi muku maganar canza 'yan wasa?

Ɗan_Adar:
Ƙanwata, kamar kina cikin ɗakin da muka yi zaman. Alhajin ya ce yana so a ɗauko sanannen ɗan wasa daga Kano ya hau matsayin ɗan ci-ranin, don a cewarsa fuskar da aka sani ita ke sayar da fim. Yaron da ke hawa wannan matsayi tela ne a nan gari, shi ya ƙago rabin maganganun da ake yi wa dariya, kuma har yanzu ba mu iya gaya masa ba.

Ɗan_Cirani_Abijan:
To ai nan ne za ku yi asara babba. Ni Ba'adare ne, shekaruna da yawa a nan Abijan ina sayar da kaya, kuma ina gaya muku ɗan Kano ba zai iya kwaikwayon yadda mutumin Adar ke magana idan ya dawo daga kurmi ba. Akwai yadda muke cusa Faransanci irin na titin Abijan cikin Adarancinmu, akwai yadda muke tafiya da yadda muke riƙe waya a hannu don a ga sabuwa ce. Wanda bai tashi yana ganin wannan a ƙofar gidansu ba, sai dai ya yi kwaikwayon kwaikwayo. Ina girmama 'yan wasan Kano, marigayi Rabilu Musa Ibro ya ba mu dariya har Allah ya karɓi ransa a 2014, amma shi ma da harshen mutanensa da halayensu ya yi suna.

Sai dai ina da wani ƙorafi, kuma ina roƙon a fahimce ni. Idan kun yi wannan wasa a Tawa, dariyar gida ce, uwar ɗan ci-rani na cikin masu kallo, ta san wahalar da ɗanta ya sha kafin ya aiko da kuɗin hatsi. Fim kuwa ba ya zama gida. Zai iso nan cikin wayoyi, waɗanda ba su san mu ba za su kalla, su ce ashe haka mutanen Nijar suke, maƙaryata masu aron riga. Idan za ku yi, ku nuna dalilin da ya sa ya yi ƙaryar: kunyar dawowa hannu wofi bayan an sayar da akuya an yi masa kuɗin mota.

Hajiya_Gwaggo:
Allah ya yi maka albarka, ɗana na Abijan, wannan magana ta shiga raina. Ni tawa damuwar a kan waƙoƙin take. Ina kallon fina-finan Hausa tare da jikokina, kuma abin da ke gundurata shi ne ana cikin labari sai kawai a ga saurayi da budurwa sun canza tufafi suna rawa a cikin lambu, waƙar ba ta da alaƙa da abin da ya gabata ko abin da ke zuwa. Wani lokaci sai in ce wa yara su tura gaba. Idan haka za a mayar da waƙoƙin wasanku, gara a bar shi a dandali. Wannan ɗabi'a ta Indiyawa ce, ba tamu ba.

Ɗalibar_Jami'a:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, rabin maganarki na yarda da shi. Gaskiya ne salon rawar lambu daga fina-finan Indiya aka aro shi. Amma su ma Indiyawan daga dandali suka ɗauko: fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, daga wasan dandali aka samo labarinsa, kuma ya zo da waƙoƙi bakwai domin masu kallon dandalinsu sun saba da haka. Mu ma haɗa wasa da waƙa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tashen da yara ke yi cikin azumi wasan kwaikwayo ne da waƙa da ban dariya, tatsuniya ba ta cika ba sai da 'yar waƙarta, 'yan kama kuma da waƙa suke barkwancinsu. Abin da ya bambanta shi ne a tashe da tatsuniya waƙar ita ce ke tura labarin gaba. Ma'aunin da nake ganin ya dace a bi shi ne a cire kowace waƙa a gani: idan labarin ya tafi daidai ba tare da ita ba, to ado ce kawai, a fim za ta zama nauyi.

Hajiya_Gwaggo:
Na ji bayaninki, 'yata, kuma na karɓa. Amma ina nan a kan bakana game da rawar maza da mata. A dandali kowa ya san 'yar wane ce, ana jin nauyin juna. Fim yana daɗewa, yarinya za ta yi aure ta haihu ana nuna wa 'ya'yanta.

Ɗan_Adar:
Hajiya, a wasanmu mata da mata suke waƙarsu, wajen daka da wajen lefe, maza kuma a tasha. Waƙa ɗaya ce ta haɗa saurayin da budurwar, ita ma zana ce a tsakaninsu, yana lissafa mata gidajen da ya ce ya gina a Abijan, ita kuma tana tambayarsa me ya sa takalminsa ya fi ƙafarsa girma. Na gwada ma'aunin Ɗalibar_Jami'a a zuciyata, na ga huɗu daga cikin shida suna ɗauke da labari, biyu kuwa mun sa su ne don a samu lokacin canza kayan dandali a bayan labule.

MaiKyamara_Yamai:
To waɗannan biyun su ne farkon abin da za a zubar idan an zaɓi hanyar fim, domin a fim canza wuri yankan hoto ɗaya ne.

Mai_Kalangu:
Ranku ya daɗe, ku yi mini afuwa, ni makaɗi ne, gadon gidanmu ne, kuma na ga ana ta maganar hoto an manta da kiɗa. An taɓa kirana wani aiki irin wannan a Yamai. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki aka rufe, aka sa mini abin ji a kunne, wani ƙaramin ƙara yana bugawa ƙwas-ƙwas, aka ce in bi shi kada in wuce kada in rage. Kalangu kuwa magana yake yi, bin bakin mai waƙa yake da ƙafar mai rawa. Idan ɗan wasa ya ja kalma sai in matse tsarkiya in ja tare da shi, idan ya yi tuntuɓe da gangan sai in ba shi amsa a take, nan ne ma ake fashewa da dariya. Da aikin ya fito sai na ji an danne kalanguna ƙarƙashin fiyano, kamar baƙo a bikin da ba a gayyace shi ba. Idan za a riga a ɗauki waƙa a situdiyo sannan 'yan wasa su zo suna mamin, to ku sani rabin barkwancin waƙar ya tafi. Garin marigayi mawaƙi Ɗan Gurmu bai kamata ya yi fim ɗin waƙa da kiɗan na'ura ba.

MaiKyamara_Yamai:
Baba Mai_Kalangu, ƙorafinka a kan hanya yake, amma bari in faɗi dalilin da ya sa ake yin haka, don kada a ɗauka raini ne. Waƙa ɗaya a fim ana ɗaukarta ne daga ɓangarori da yawa, a maimaita sau da dama. Idan kowace maimaitawa da nata saurin kiɗan, ba za a iya haɗa su ba wajen montaj, baki zai saɓa wa murya. Ga kuma iskar Tawa da kukan babura da jakuna da ke shiga makirfo. Akwai hanyar tsakiya: a tara makaɗa da mawaƙa gaba ɗaya a ɗaki guda mai shiru, har da wasu mutane kaɗan masu karɓar amshi, su yi waƙar yadda suka saba ba tare da wancan ƙaran a kunne ba, a zaɓi wadda ta fi daɗi. Ita za a riƙa sakawa a wurin ɗauka 'yan wasa su bi. Ta haka kalangu ne ya ja gaba, hoto ya biyo shi.

Mai_Kalangu:
Idan haka ne, da sauƙi. Amma tuntuɓen da ɗan wasa zai yi gobe ba irin na jiya ba ne, wannan dai an rasa shi.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ina bin wannan muhawara tun farko, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne 'yan Tawa suna ta kawo misalai daga Amurka da Masar da Indiya, ba wanda ya ambaci Moustapha Alassane, wanda ya zauna a garin nan shekaru masu yawa yana aikinsa har zuwa rasuwarsa a 2015. Mutumin nan da wasan inuwa ya fara, da fitila da zane-zanen hannunsa, kafin ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka hargitsa ƙauye. Ku duba kusancinsa da labarinku: mai dawowa daga waje, akwati, tufafin da ba nasa ba. Da dawaki da fili da ƙauye na gaske ya yi shi, kuma ba da kuɗi masu yawa ba. Oumarou Ganda ma, wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972, da mutanen gari da unguwannin da ya sani ya yi aikinsa. Ban ce ku kwaikwayi kowa ba, amma ku nemi fim ɗin Alassane ku kalla tare kafin ku yanke shawara, za ku ga abin da fili ke ƙara wa barkwanci.

Mushe_Mai_Ritaya:
Alhaji, na san aikin marigayin kuma ina darajanta shi, amma shi tun farko don kyamara ya tsara labarinsa. Waɗannan yaran abin da ke hannunsu ya riga ya rayu a wani wuri. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan_Kasuwa_Maraɗi:
Ni ta fuskar kuɗi zan yi magana, tun da ba wanda ya taɓa ta sosai. A ƙasar Yarbawa masu wasan dandali da ke yawo gari-gari, irin su Hubert Ogunde, sun koma yin fim, kuma sun samu karɓuwa domin sun tafi da 'yan kallonsu. Amma Moses Olaiya, wanda aka sani da Baba Sala, ya ci bashi ya yi fim ɗin barkwanci mai suna Orun Mooru a 1982, masu satar fasaha suka kwafe shi suka baza, bashin ya durƙusar da shi shekaru. A wancan zamani sai an wahala kafin a kwafi kaset. Yau kuwa ranar da fim ɗinku ya fita, kafin magariba yana cikin katin waya a kowace kasuwa, ana tura shi a WhatsApp. Tambayar da zan yi wa Alhajinku ita ce ta ina kuɗinsa za su dawo. Sannan ku yi tunanin wannan: yanzu mutane suna biyan kuɗin shiga don su ga wasanku, idan kun ɗauke shi yadda yake kowa ya samu a wayarsa, wa zai sake zuwa gidan matasa? Idan kuwa fim ɗin ya bambanta da wasan, kowanne zai riƙa tallata ɗan uwansa.

Azhari_Ƙwanni:
Wannan hujja ta ƙarshe tana da ƙarfi, ban yi tunaninta ba. Sai dai wasa ba ya dawwama a dandali ko da ba a ɗauke shi ba. 'Yan wasa za su yi aure, wasu su tafi ci-rani da kansu, ƙungiya ta watse. Wasanni nawa na zamanin samariya suka ɓace saboda ba wanda ya adana su?

Ɗalibar_Jami'a:
Ƙari a kan maganar Ɗan_Kasuwa: kafin a kunna kyamara, a rubuta wa ya mallaki me. Wa ya ƙago labarin, wa ya yi waƙoƙin, mene ne rabon telan da ya ƙirƙiri maganganun, mene ne na makaɗa. A wasan dandali abin na kowa ne, ba a damu ba, amma fim yana fita da sunan mutum ɗaya ko biyu a gabansa. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, ku je ku yi rajistar waƙoƙin da sunan masu su.

Ɗan_Adar:
Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan uwana. Na karanta wa 'yan ƙungiya abin da kuka rubuta, gardama ta sake tashi, amma yanzu kowa ya san abin da yake karewa. Mun tsai da abu biyu. Telanmu ba za a canza shi ba, ko da Alhaji zai janye hannunsa. Sannan za mu gwada fitowar gidan surukai ta hanya biyu, ɗaya a gaban jama'a da kyamarori uku na aro, ɗaya a wani gida a unguwarmu, mu nuna wa mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba. Game da ƙorafin yayana na Abijan, wasu sun ce a ƙara waƙa ta daren da saurayin zai baro kurmi, wasu sun ce baƙin ciki zai ɓata barkwancin, ba mu daidaita ba tukuna.

Bagobira:
Ni ina ganin ba fitowar surukai ya kamata ku gwada ba, domin ita ko yaya aka ɗauke ta za ta ba da dariya. Ku gwada waƙar tasha, inda 'yan kamasho ke amshi, nan ne za a gane ko abin zai tsaya ba tare da 'yan kallo ba.

Mushe_Mai_Ritaya:
Ɗana, ko wace hanya kuka bi, ku ɗauki cikakken wasan a dandali sau ɗaya ku ajiye, ko ba za ku fitar da shi ba. Ni har yanzu ban gamsu cewa fim ɗin zai kai wasan ba.

Mai_Kalangu:
Idan a fili za ku ɗauki waƙar tasha, kada ku bari damina ta shigo, domin fatar kalangu takan saki idan iska ta yi laima, sautin ya mutu. Kuma ku gaya wa makaɗanku tun yanzu sau nawa za a maimaita kowace waƙa da abin da za a ba su, domin kiɗan dandali na dare ɗaya ne, na fim kuwa yini ake yi a rana.